Duwatsu a Aljihun Ɗan Kawuna

Sana'ata sayen masara ce. Da kaka nakan bi kasuwannin Tudun Wada da Doguwa in tara, in kawo Kiru in ajiye, in jira ta yi daraja. Ban gaji sana'ar ba, ba kuma wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Asara ce malamata. Na sayi buhun da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi, na sayi wanda aka cusa wa tsakuwa a tsakiya. Tun ina jin haushi har na daina. Yanzu dai ina soka ƙarfe a buhu in ga cikinsa kafin mu gama gaisawa da mai shi.

Mahaifiyata Bafillatana ce daga wata ruga a ƙasar Doguwa, can gindin duwatsu. Ɗan wanta, wato ɗan kawuna, sa'ana ne, kuma taubashina. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawar mutunci ba. Shi ya kira ni Kaɗo, wato Bahaushe, bawan gidansu da aka bar wa masu tuwo. Ni in kira shi ɗan Fillo, wanda in ka ba shi kujera sai ya tsuguna a kanta. Kowa a cikinmu ya ce shi ne ubangida, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Wanda ya san wasan taubasai ya san amfaninsa: maganar da ba za ka iya faɗa wa wanka ko ƙanenka ba, za ka faɗa wa taubashinka a gaban jama'a, a yi dariya a watse.

Ciwonsa ya fara ne da toshewar kunne da haɓo. Daga baya wani kumburi ya fito masa a gefen wuya. Damina guda ya yi yana naɗe shi da rawani. An yi rubutu, an yi turare, an sha saiwoyi. Mutanen ruga suka ce ciwon daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, kada a kuskura a kai shi inda za a taɓa shi da allura. Ni ban sani ba sai ranar wata kasuwar Doguwa da na fizgi rawanin nasa da wasa, ina cewa wa ya naɗa shi sarauta ba labari. Rawanin ya warware, na ga abin. Wasan ya tsaya a nan.

Ba zan ba da labarin yawon asibitocin da muka yi ba, tunawa da shi ma gajiya ce. Ƙarshenta dai aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ce dajin ne, a can bayan hanci ya samo asali, aka tura mu wani babban asibitin koyarwa mai na'urar gashi. Ya sayar da bijimai, na rufe sito, muka tafi.

Gashin ba wuta ba ce kamar yadda aka tsorata mu a gida. Wani haske ne da ido ba ya gani, ana saita shi daidai inda ciwon yake. Don kada kai ya motsa, sai su jiƙa wata roba mai kama da raga a ruwan zafi, su kifa wa mutum a fuska har ta sandare da siffarsa. Kullum da ita ake ɗaure kansa a jikin gadon. Litinin zuwa Juma'a, mako bayan mako. Abin da suka fi nanata mana shi ne kada a yi fashi. In aka fara aka tsaya, ciwon zai samu sarari ya farfaɗo, wahalar da aka sha ta tafi a banza.

A makon farko wata likita ta zaunar da mu. Matashiya ce, Bahaushiya, mai saurin magana, idanunta kullum a gajiye. Ta ce bincike take yi. Da yawa daga masu gashin wuya ba sa kaiwa ƙarshe, musamman mutanen karkara, domin baki yakan yi gyambo, ci ya gagara, mutum ya rame har jiki ya kasa ɗauka. Tana son ta gano ko auna nauyin mutum kowane mako, da tallafa masa da wuri da irin abincinmu na gida, zai sa a riƙa gamawa. Ta ce ba dole, in ya ƙi ma maganinsa ba zai ragu ba.

Ya dube ni ya ce, "Kaɗo, ka ji? Za a riƙa ɗora ni a sikeli kamar buhunka."

Na ce, "Buhuna ya fi ka, shi ana tayawa."

Likitar ta yi murmushi ta ce, "Baba, ka amince ke nan?"

Ya ce, "Na amince, 'yata. Ba don wannan bawan ba, don ke."

Masaukinmu wani ɗaki ne a bayan shagon wani abokin cinikina, tsakar gida ɗaya da masu haya, da wata akuya da ba ta da aiki sai leƙa ɗakuna. Da asuba mu fita, mu zauna a benci, mu jira. Wata rana a kira shi kafin hantsi, wata rana wuta ta ɗauke ko na'urar ta nemi gyara mu kai la'asar. Gashin kansa bai kai tsawon cin tuwo ba. Jiran ne ke cin mutum. Ga kaka ta kama a gida. Wayata ba ta hutawa: masara ta fito, wane ya saye ta Tudun Wada, manoman da na saba da su sun gaji da jirana. Ina zaune a benci ina jin shekarata tana wucewa ta cikin waya.

A bencin nan akwai wani mutum da aka zura wa siririyar roba ta hanci, an manne ta a kumatu da filasta. Matarsa takan zuƙo kunu a babban sirinji ta ɗura masa a gaban kowa. Ɗan kawuna ya dube shi sau ɗaya. Bai sake zama a wannan gefen ba. Na lura, amma ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Da aka ɗan yi nisa bakinsa ya fara gyambo. Magana ta ragu, murya ta dushe. Duk wanda ya ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. Likita ta tambaya, da sauƙi. Aka bugo daga ruga, jam tan, lafiya lau. In na kawo abinci ya ce in ajiye in ba shi wuri. Wannan ba sabon abu ba ne, Bafillace ba ya ci ido na kansa, ko mahaifiyata har ta rasu ban taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. Sai in fita in amsa wayoyina, in dawo in tarar da kwano wayam. Abin da ya kamata ya farkar da ni shi ne akuyar nan. Ta daina leƙa ɗakin kowa sai namu, har gashinta ya fara sheƙi.

Ranar awo kuwa ya hau sikeli da 'yar shararsa da babbar riga, nas ta duba ta ce ya yi ƙoƙari, abin da ya ragu kaɗan ne. Ya sauko yana harara ta.

Wata Juma'a likitar ta tare ni a baranda ni kaɗai. Ta ce, "Alhaji, akwai abin da ya dame ni. Sikeli ya ce bai rame ba, ido ya ce ya rame. Na hau sikelin da kaina, lafiyarsa lau. Masu na'ura kuma sun ce ragar fuskarsa ta fara yi masa yawa, kansa yana motsi a ciki. In kai ya motsa, hasken zai sauka inda ba a aike shi ba. In kuma ya faɗi, dole mu tsayar." Ta murza ido ta ce, "Na tambaye shi ta kowace hanya, da sauƙi kawai nake samu. Ni sa'ar 'yar cikinsa ce, ba zai faɗa mini ba. Kai kuke ɗaki ɗaya."

Washegari Asabar ba gashi. Da hantsi ya fita bayan gida ya sha iska, ni kuma na tattara kayanmu zan ba mai wanki. Na kai hannu na ciro 'yar shararsa daga ƙusa, sai hannuna ya yi ƙasa. Shekaruna nawa ina ɗaga kaya, na san nauyin riga. Irin rigar nan ce mai manyan aljihuna ta ciki, wadda makiyaya ke ɗinkawa saboda tafiya. Na zazzage ta a tabarma. Duwatsu ne, masu faɗi, sumul, zaɓaɓɓu, waɗanda za su kwanta a jiki ba su yi tudu ba. Daga tarin kayan ginin maƙwabta ya tsinto su.

Na tsaya ina kallonsu. Gaskiya sai da na yaba masa. Masu cusa wa buhu tsakuwa sukan yi gaggawa su zuba da yawa, shi ya sa ake kama su. Shi kuwa kaɗan-kaɗan yake ƙarawa, daidai abin da jikinsa ya zubar a makon, har ya bar ɗan ragi don kada a yi zargi.

Da faɗa na so in tare shi, amma na san in na yi faɗa zai yi shiru, shirun da ba a fasawa. Sai na kasa duwatsun kashi-kashi a bakin tabarma kamar mai sayar da gauta, na zauna na harɗe.

Ya shigo ya gan su. Ya tsaya riƙe da labule.

Na ce, "Bismillah, ɗan Fillo. Sabon kaya ne. Daga wani buhu na ciro su, buhun duk ƙaiƙayi."

Ya saki labulen ya zuba wa duwatsun ido.

Na ce, "Shekara da shekaru kuna cewa mu Haɓe ne macuta, muna danne mudu da babban yatsa. Ashe ku har likita kuke yi wa. Kuma ka rasa wa za ka ciyar da tuwona sai akuyar mutane. Ko sadakinta kake tarawa?"

Dariya ta so ta kama shi, ta tsaya masa a maƙogwaro, ya dafe wuya ya durƙusa. Sai da ya daɗe kafin ya ce, da wata murya kamar ana jan kara a ƙasa, "Kaɗo, ruwa ma ƙaya ne."

"Tun yaushe?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. Ya ce an bugo masa, surukinsa, mahaifin matarsa, yana shirin zuwa dubiya. Ya ce ya tambayi mutanen benci, sun gaya masa duk wanda sikeli ya nuna ya zube, roba ake saka masa. "Ni nake huda wa bijimi hanci in zura masa igiya," in ji shi. "Da hannun nan. Tsohon nan bai taɓa ganin na sha ko ruwa ba tun da ya ba ni 'yarsa. Ya zo ya same ni da igiya a hanci, ana ɗura mini kunu kamar maraƙin da uwarsa ta mutu? Gara in koma gida haka."

Ban ce masa wauta ce ba. Jinin nan yana jikina, na san ba wauta ba ce a wurinsa. Kuma na san da gaske yake, zai iya naɗe tabarmarsa ya kama hanyar Doguwa a bar gashin a tsakiya. Sai na yi abin da na iya, na yi ciniki.

Na ce, "Ka karɓi robar, ka gama gashin. Ni kuma na ɗauki alkawari, ba idon mutumin ruga da zai gan ka da ita. Ko tsohon, ko matarka, ko kowa."

Ya ce, "Kaɗo ba shi da alkawari."

Na ce, "Ɗan kasuwa yana da shi. Wanda ba shi da shi ba ya ganin kaka biyu a kasuwa ɗaya."

Ya daɗe yana juya wani dutse da yatsan ƙafa. Can ya ce, "Kai za ka gaya wa likitar. Ni ba zan iya kallonta ba."

Ranar Litinin na juye duwatsun a teburin likitar. Ta dube su, ta dube ni, ta dubi shi da yake tsaye a bakin ƙofa yana nazarin silin. Wata gajeriyar dariya ta kuɓuce mata, sannan ta dafe goshi. Ta ce awon makonnin nan duk ba zai shiga aikinta ba, sai dai ta ajiye shi gefe ta faɗi dalili. Ba ta ɗaga murya ba, amma na ga abin ya yi mata ciwo, na san yadda mutum ke ji in ya tara kaya ya tarar rabi ba na sayarwa ba ne. Ya ce in ce mata ta yi haƙuri. Ta ce, "Baba, ai kana nan, ina jin ka. Cire rigar ka hau."

Abin da sikelin ya nuna a ranar ya sa nas ɗin ta yi salati.

Aka saka robar. Aka sake ɗaukar hoto, aka yi masa sabuwar raga daidai ramammiyar fuskarsa, aka ci gaba ba tare da an yi dogon fashi ba. Daga ranar kuma kowane namiji sai ya tuɓe babbar riga ya zazzage aljihu kafin ya hau sikeli. Mutanen benci suna ta gunaguni, suna cewa likitar nan ta cika fitina. Muna zaune a cikinsu kamar ba mu san dalili ba.

Ɗurar ta zama aikina. In dama kunun gyaɗa in tace shi, in tafasa nono, in haɗa da ƙwai yadda likitar ta koya mini. In rufe ƙofa, in saki labule, in kori akuya. Ya juya wa bango fuska, ni in tsaya ta bayansa da sirinji ina turawa a hankali. Wannan ne kaɗai lokacin da ba ma tsokanar juna. In za mu fita ya ja amawalin rawaninsa har saman hanci, sai idanu. Mutane suka ɗauka wani babban malami ne, har ana ba shi wuri a mota.

Na yi ta buga waya ruga ina kawo dalilai, amma tsohon bai fasa ba. Wata Laraba aka ce mini ya taso. Na je tasha na jira shi. Ya sauko daga mota da sandarsa da wata gora ta man shanu a ƙunshe cikin tsumma. Tun asuba yake tafe, daga acaɓa zuwa ƙaramar mota zuwa babba, ƙafafunsa sun kumbura. Na tsuguna na gaishe shi. Shi ba abokin wasana ba ne, ba wata zolaya da zan ɓuya a bayanta.

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka sake ta daga farko. Sannan na ce, "Baffa, likitoci sun ce a ɗan dakata da ganinsa."

Ya dube ni. Idonsa ya yi fari-fari don tsufa, amma na ji kamar ni ne buhun, shi ne mai ƙarfen.

Ya ce, "Yana tashi?"

"Yana tashi, Baffa. Da ƙafarsa yake zuwa asibiti."

"Yana salla?"

"Yana yi."

"Yana ci?"

"Yana ci."

"Da bakinsa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmansa na roba.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce in kai shi ƙofar gidan da muke. Ba yadda zan yi. Da muka isa bai doshi zaure ba. Ya zagaya ya zauna a gindin katanga ta waje, daidai bayan ɗakinmu, kamar an nuna masa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo cikin Fillanci, da ɗan ƙarfi, yadda na ciki zai ji ta taga. Ya shafa. Ya miƙo mini gorar ya ce, "Na tuna akwai saniyar da na bari tana naƙuda. Ka ce masa na zo na tarar ya fita." Ko ruwa bai sha ba. Na mayar da shi tasha.

Da na dawo na tarar da ɗan kawuna zaune a ƙarƙashin tagar, ya rufe fuska da rawani gaba ɗaya. Na ajiye gorar na fita na ba shi wuri.

Sauran mutanen ruga ba su yi mini irin wannan fahimtar ba. Matarsa ta ce na raba ta da mijinta a lokacin da ya fi bukatarta, kuma ba ta yi ƙarya ba. Wasu suka ce ɓoye shi nake don ya kusa mutuwa, wasu suka ce shanunsa nake ci. Har yau akwai waɗanda in na shiga rugar sai su tashi su ba ni inuwar ni kaɗai. Bakina a ɗaure yake, in na wanke kaina na tona shi.

Ya gama gashin. Ba ranar da za a ce an yi murna, mun gaji da yawa. Wuyansa ya yi baƙi yana saɓa, kumburin ya sace. Muka ƙara zama a birni har ya iya haɗiyar kunu da kansa aka zare robar, sannan na kai shi gida. Na koma Kiru na tarar kaka ta wuce, na buɗe sito ba komai sai ɓeraye.

Yawun bakinsa bai dawo ba. Kullum da gorar ruwa a rataye, tuwo sai an sassauta shi da miya sosai. Feɗuwar da yake kiran shanunsa da ita ta ƙi fita, yanzu sai dai ya buga sanda a ƙasa. Likitar ta ce ba za ta ce ya warke ba tukuna, sai an yi shekaru ana dubawa. Bincikenta ma haka, ta ce yana bukatar mutane da yawa da lokaci, ba ta san ranar gamawa ba. Duk zuwan da muka yi sai in ga ta ƙara ramewa, har na taɓa ce mata ita ma ta hau sikelin.

Muna komawa duk bayan 'yan watanni. In tashi daga Kiru, ya tashi daga Doguwa, mu haɗu a Tudun Wada mu shiga mota ɗaya. Benci ɗin yana nan, sai dai fuskoki sababbi. In aka kira shi awo, ya tuɓe babbar riga da 'yar shara ya ɗora mini a hannu, ya ce, "Riƙe, bawa. Ka laluba da kyau."

Ni kuwa ina lalubawa. Kowane aljihu, kowane zuwa.